Rinin da Ba Ya Zuba

Lyari, Karachi
4 ga Maris, 1996

Zuwa ga 'yata Farzana, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta ajiye aiki ba ta sanar da ni ba. Innarki tana gaishe ki. Ta ce a hoton jaridar nan wuyanki ya koma na zalɓe, wai ko a Lahore ba a dafa shinkafa ne?

Wannan rubutun hannuna ne, kada ki zargi kowa. Kin san aji uku na yi. A na huɗu malam ya ce ko ni ko shi, shi kuwa yana da iyali, sai na tausaya masa.

Jaridar ta iso rumfar Shambe mai shayi ranar Juma'a da hantsi. Shambe ya ɗaga ta sama kamar Lyari ce ta ci kofin duniya. Yayana, Chacha ɗinki Dur Muhammad, wanda nake ce wa Ada, shi ya karanta wa jama'a, tunda shi ne mai tabarau, shi ne kuma ya daɗe yana akawu a tashar jiragen ruwa. Ya fara da murya kamar mai huɗuba. Da ya zo inda ɗan jaridar ya tambaye ki abin da ya sa kika fara rubutu, sai muryar ta fara sauka kamar fitilar da mai ya ƙare mata.

Kin ce ubanki yana sayen tsofaffin littattafai da awo, ya yayyaga su, ya liƙe da kunun fulawa, ya kai wa masu soya ƙosan pakora da masu gyaɗa su ƙunsa kaya. Kin ce ke kuwa kina gefen tabarma kina karanta kowace takarda kafin kunu ya hau ta. Kin ce kin karanta ɗaruruwan labarai ba kai ba gindi, kuma a cikinsu duka ba ki taɓa cin karo da baƙin mutum irinmu ba, ko mugu ko nagari, shi ya sa kika ce bari ki rubuta mu da kanki.

Shambe ya ce, "Khamiso, ashe jami'a ka buɗe a ɗakinka ba mu sani ba!"

Na ce, "Sosai. Duk wanda ya taɓa cin pakora a unguwar nan ya lashi digiri."

Chacha ɗinki bai yi dariya ba. Ya ninke jaridar huɗu ya ce, "Ta ce wai ita Shidi ce, jikar waɗanda aka kawo daga Afirka a jirgin ruwa. Wa ya tambaye ta?"

Na ce, "Ada, ai hoton ya riga ta magana."

Ya ce, "Kai komai wasa. Shekara nawa muna fama mutane su daina hango ganga in sun hango mu? 'Yan dambe muna da su, 'yan ƙwallo muna da su, amma duk jiki ne, jiki kuwa sun daɗe da yarda muna da shi. Yau Allah ya ba mu mai alƙalami, maimakon ta zauna cikin manya ta yi irin maganarsu, sai ta ɗauko tsummanmu ta shanya a bakin titi."

Shambe ya ce ai tsumman da aka wanke ba abin kunya ba ne. Suka sarƙe, har shayina ya huce. Ni dai na yanke hotonki na manna a bango, da kunun fulawa mai kyau, ba zai faɗo ba ko an yi girgizar ƙasa.

Yaushe littafin zai fito? Ki gaya wa masu bugawa su sa takarda mai kauri. Na san abin da nake faɗa.

Allah ya yi miki albarka.
Ubanki,
Khamiso

*

Lahore
12 ga Maris, 1996

Baba mai daraja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Chacha Dur Muhammad. Ka gaya wa Inna ina cin abinci, mai ɗaukar hoton ne ya tsaya daga ƙasa.

Littafin zai shiga injin bugawa kafin Babbar Sallah. Labarin tasowata ne a Lyari, da sunayenmu na gaskiya. Akwai babi ɗaya da ban nuna wa kowa a gida ba, na bakwai, ga shi na saka maka a cikin wasiƙar nan. Kafin ka buɗe shi bari in gaya maka abin da ke ciki, don kada ya same ka a tsaye.

Ina da shekara tara Inna ta tafi da ni wankin kwanuka a wani biki, gidan attajirin nan mai shagunan yadi. An ɗauko ku ku biyu kamar yadda ake ɗauko Shidi a bukukuwan manya, Chacha yana ganga, kai kana rawa da barkwanci. Na leƙo ta ƙofar kicin don in gan ka. Sai na ga yayan ango ya tsoma farin hankici a kofin ruwa, ya kama haɓarka, ya goga a kumatunka da ƙarfi, sannan ya ɗaga wa baƙi su duba ko baƙin ya fita. Suka kwashe da dariya. Kai ma ka yi dariya, Baba. Na ruga bayan gida na tusa kaina cikin tukwane, ban sake fitowa ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan ban faɗa wa kowa ba. Abin da na gaya wa ɗan jarida gaskiya ne, amma rabi ne. Takardun nan sun koya mini karatu. Wannan hankicin shi ya sa na yi rubutu.

Fuskarka ce, ba tawa ba. Ba zan buga shi ba sai da izininka, in ka ce a'a zan cire. Amma ka sani duk sauran babukan a kansa suka jingina.

'Yarka mai biyayya,
Farzana

*

Lyari
21 ga Maris, 1996

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar dama ta ga ta hagu tana hutawa, ita ma ta fara neman haƙƙinta.

Na samu wasiƙarki. Na karanta ta sau biyu, na farko don in gane, na biyu don in ga ko za ta canja. Babin kuwa shafin farko kawai na duba, na mayar cikin ambulan, na ɗora tukunyar kunu a kai.

Na tambayi innarki, "Kin san yarinyar nan ta gani?" Ta ci gaba da murza gurasar roti, ta ce, "Wa kake zato ya ciro ta daga cikin tukwane?" Na ce, "Shekara ashirin da biyu ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Kai da ba ka rufe baki, yaushe zan samu wuri?" Kin ga irin gidan da nake zaune. Ni ne rediyo, amma labaran duk suna wajen wasu.

Yanzu ki saurara. Amsata a'a ce.

Mutanen Lahore za su karanta, su ce wayyo, bawan Allah, su juya shafi, su kurɓi shayi. Ni kuwa a nan zan zauna a rumfar Shambe kowa yana satar kallon kumatuna. Yaran da ke ce mini Baban Malama za su san an taɓa wanke ni a bainar jama'a kamar kwanon shinkafar biryani. Mutum ya yi ta tara mutunci tsinke-tsinke, sai 'yarsa ta zo da ashana don haske ya yi wa baƙi kyau.

Na nuna wa Ada wasiƙar, don da shi aka yi. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Ka ga abin da nake faɗa? Wanda ya haye kogi ba ya komawa ya auna zurfinsa. Ta samu aiki, ta samu suna, ta rubuta furanni mana, ko tarihin sarakuna, kamar kowa." Na ce furannin da ke Lyari na roba ne. Ya ce in yi shiru. Karo na farko a rayuwata na ji maganar yayana, har shi ma ya tsorata.

Ki rubuta yadda na iya rawa. Ki rubuta ranar da na kori ɓarawo da ludayin kunu. Ki ƙara mini tsawo in da hali. Wancan kuwa ki bar shi inda yake.

Kada ki yi fushi da tsoho.
Ubanki,
Khamiso

*

Lahore
29 ga Maris, 1996

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka.

Na ji, na cire. Jiya na kai wa mai kamfanin buga littattafai littafin babu babi na bakwai. Na zaci zai yi gardama. Baba, murna ya yi. Ya ce, "Yauwa, yanzu ya yi daɗin karatu. Ganga, rawa, teku, mutane masu fara'a duk da talauci. Ai haka aka san ku." Ya sa aka kawo mini shayi da biskit.

Na fito na tsaya a bakin titi na rasa inda zan nufa. Na yi shekara shida ina rubuta littafi don kada a sake ɗauko mu a biki, ga shi na ɗauko mu da hannuna na kai.

Alkawari na yi maka, ba zan karya ba. Amma ban yi alkawarin daina tambaya ba. Ranar ashirin da bakwai ga Afrilu za su rufe aiki don Sallah, a ranar littafin zai shiga inji. Daga nan zuwa ranar zan tambaye ka duk mako. Abu ɗaya nake roƙo, ka karanta babin har ƙarshe kafin ka sake cewa a'a.

'Yarka,
Farzana

*

Lyari, Karachi
3 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Malama Farzana Khamiso,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya.

Na samu labarin kin janye abin da kika rubuta a kan mahaifinki. Kin yi daidai, kuma ina yaba miki. Ina roƙon ki daina matsa masa. Kwana goma ke nan bai leƙa rumfar Shambe ba. Jiya na shiga na tarar da shi da takardunki a cinya yana bin layi da yatsa, ya gan ni bai ko tsokane ni ba. Tun muna yara ban taɓa shiga wuri ya bar ni na zauna lafiya ba.

Ki fahimce ni. Ba kunyar fatata nake ji ba. Na shiga ofis ana ce mini in kawo shayi alhali ni ne akawu, na haƙura har waɗanda suka aike ni suka dawo suna neman sa hannuna. Wannan ita ce nasara a wurina: ka yi shiru, ka yi aiki, har ranar da za su rasa yadda za su yi da kai. Duk wanda ya nuna wa duniya tabonsa, da tabon za ta riƙa kiransa. 'Yan matanmu da ke tasowa suna bukatar su ga malama a jarida, ba su ga uban malama ana goge masa fuska ba.

Kuma ki sani, abin da kika gani ta ƙofar kicin ba shi ne ranar ba. Ina wurin. Daga ranar ban sake rataya ganga don neman abinci ba, kuma ba da son raina ba ne. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Allah ya ƙara basira.
Chacha ɗinki,
Dur Muhammad

*

Lyari
14 ga Afrilu, 1996

Uwata, sarauniyar masu taurin kai,

Assalamu alaikum. Wasiƙunki biyu na tambaya sun iso, kowace layi uku, kamar takardar sammaci. Innarki tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki ta gaji da ganina a gida, ki yi wa Allah ki sake ni in koma rumfa.

Na karanta babin. Kwana tara ya ɗauke ni, don kina da wasu kalmomi masu tsawo kamar layin famfo. Hannunki yana da kyau, har na manta ni ne, na fara jin tausayin mutumin. A nan ne raina ya ɓaci. Kin rubuta wani bawan Allah mai sunkuyar da kai, yana dariya hawaye na cikinsa, ya koma gida shiru. Uwata, wane ne wannan? Ni dai ban san shi ba. In na gamu da shi zan ba shi sadaka.

Ke kin gudu cikin tukwane tun wasa bai kai rabi ba. Ga sauran.

Da ya goga hankicin ya ɗaga, na yi dariya, gaskiya ne. Dariya ita ce sandata, da ita nake auna zurfin ruwa. Sai na kama hannunsa na ce, "Sahib, ranka ya daɗe, a ƙara gogawa, ga ɗaya kuncin ma." Ya ƙara. Na karɓi hankicin na zaga da shi gaban baƙi, tebur tebur, ina rawa. Na ce, "Jama'a ku duba da kyau, ya zuba?" Suka ce bai zuba ba. Na ce, "To kun gani. Wannan rinin Allah ne, shekara talatin da biyar ana wanki bai koɗe ba. Ba irin yadin shagon gidan nan ba ne, da ko raɓa ta taɓa shi sai mai ja ya koma mai ruwan hoda, matarka ta fita da zane ta dawo da tsumma."

Uwata, duk Karachi an san yadinsu yana zuba, ba dai mai faɗa. Rabin matan da ke wurin da kayan shagon a jikinsu. Dangin amarya suka fashe, wani tsoho har hularsa ta faɗa cikin miya. Sannan wuri ya yi tsit. Na ga samarin gidan suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Ada ya daskare, ganga ta yi shiru. Yadda muka kai ƙofa ban sani ba, na dai tsinci kaina a titi da takalmi ɗaya.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama gidajen manya: kada a sake ɗauko 'ya'yan gidanmu, bakinsu ba linzami. Ada ya yi wata shida ba ya yi mini magana, don ni na yi tsiyar, shi ya rasa sana'ar da ya gada. Shi ya tafi makarantar yamma ya zama mutum. Ni da ba ni da kan karatu na sayi sikeli da buhun tsofaffin littattafai. Kin ga yadda jami'arki ta samu. Ba don bakina ba, da yanzu ke ma kwanuka kike wankewa a gidan biki.

Saura ɗaya, wannan kuwa ba na dariya ba ne, ko da yake zan gwada.

Kin gaya wa jarida ba ki taɓa ganin baƙin mutum a takardun nan ba. Suna nan, Uwata. Da yawa. Karatuna bai kai in bi labari ba, amma akwai kalmomi uku huɗu da idona ya sani kamar yadda kare ya san mai jifansa, ga kuma zane. Baƙin bawa mai tsaron ƙofa. Baƙin aljani mai jan leɓe. Baƙin wawa da ake aike ya ɓata. Kullum kafin ki dawo daga makaranta sai in bi buhun in tsame su, in fara liƙe su, in tura can ƙasan tulin. Shi ya sa labaranki suke da ramuka. Kina tambayata, Baba, ina shafi na arba'in? In ce ɓera. Ɓeran nan yana da gemu.

Na zaci ina share miki hanya ne. Ashe kin riga kin ga abin da ya fi na takarda, da idonki, a fuskar ubanki, kina ɗauke da shi ke kaɗai, ni kuma ina can ina fama da aljanun zane. Ranar da na gama babinki na zauna ina tunani, sai na ga hannuna ya sake komawa aikinsa. 'Yata ta kawo shafi mai baƙin mutum a ciki, na farko da wani namu ya rubuta, ni kuma na tsame shi na tura ƙasan tuli. Har mai kamfani ya ba da biskit.

To ga magana. Wancan babin na mai sunkuyar da kai ban yarda ba, har gobe. In za ki rubuta, ki rubuta duka: hankicin, da dariyar, da yadin, da takalmi ɗaya, da ɓera mai gemu. Kada ki mai da ni jarumi, don na ji tsoro ƙwarai, kuma na jawo wa ɗan'uwana asara. Kada kuma ki mai da ni abin tausayi. Ki rubuta ni yadda nake, mutum mai baki.

In lokaci ya ƙure miki, laifinki ne. Wa ya ce ki gudu tun ba a tashi wasa ba?

Ubanki,
Khamiso

*

Lahore
20 ga Afrilu, 1996

Babana,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka a ɗakin malamai, na yi dariya har shugabar makaranta ta leƙo, sannan na yi abin da ba dariya ba, ta koma ta rufe ƙofa.

Maganar ɓera, ban san ko godiya zan yi maka ko faɗa ba. Ina jin duka biyun ne, kuma sai na zo.

Na sake rubuta babin cikin kwana uku, na kai. Mai kamfani ya karanta a gabana. Ya ce ya yi tsawo, ya ce masu shagunan yadi suna sayen littattafai su ma, ya ce me ya sa ba za mu bar shi yadda muka shirya ba. Na ce ko dai a buga da babin ko in ɗauki kayana. Ya ce in ɗauka. Na ɗauka, na kai matakala ta biyu, ya aiko a kira ni. Wannan karon ba biskit.

Sharaɗinsa ɗaya, kuma ya yi gaskiya: duk wanda aka ambata da sunansa a babin sai ya yarda. Kai ka yarda. Saura Chacha. Ba yadda zan ba da labarin ranar babu mai ganga, kuma ba zan sa shi ba tare da saninsa ba, don shi ya fi kowa asara. Ga kwafi na saka, ka kai masa. In ya ƙi, babin ya faɗi, ni kuma wannan karon ba zan bar littafin ya fita babu shi ba. Amsa ta same ni kafin ashirin da bakwai.

'Yarka,
Farzana

*

Lyari
24 ga Afrilu, 1996

Uwata,

Sallama a gurguje, direban motar Lahore yana jira, shi zai kawo miki hannu da hannu.

Na kai wa Ada. Ya karanta a tsaye, bai ce in zauna ba. Ya gama ya ce ra'ayinsa bai canja ba, tonon asiri ne, kuma ranar da littafin ya fito ba zai taɓa shi ba. Na ce to, na juya. Na kai ƙofa ya ce, "Tsaya. Wa ya gaya mata ganga ta yi shiru?"

Na ce ni.

Ya ce, "Maƙaryaci. Kai tsoro ya toshe maka kunne. Da na tsaya da sun karya ka. Ƙara wuta na yi, na shiga tsakaninka da su, na ja da baya ina kiɗa har bakin ƙofa, dangin amarya suka taso suna rawa suka tare hanya. Yatsuna biyu suka fashe. Shekara ashirin da biyu kana zaton ƙafarka ce ta fitar da kai?"

Na buɗe baki, Uwata, ba abin da ya fito. Ki rubuta wannan ma, don ba a taɓa gani ba.

Ya zauna ya gyara wurin da jan alƙalaminsa na ofis, ya sa hannu a ƙasa, ya ce, "In dai sai an faɗa, a faɗa daidai." Ga takardar nan. Kada ki taɓa masa ko waƙafi.

Ki buga.

Ubanki,
Khamiso